Keken rubutun makafi: tambayoyin da ake yawan yi min a shago da amsoshinsu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni sana'ata gyaran keken ɗinki ne a nan Aboabo cikin Kumasi, kuma da can da wani ya ce min wata rana zan zauna ina bayani kan rubutun makafi da dariya zan yi masa. Abin da ya jawo shi ne 'yar ƙanwata, ƙyanda ta kama ta tana ƙarama ta tafi da idonta, Allah ya sa uwarta mace ce mai kafiya ta dage sai an kai ta sukuu, wato makarantar boko, da ta yi nisa muka haɗa kuɗi a dangi muka samo mata keken rubutu na hannu, ranar da ya cije kuma aka ce a kai wa Kawu, wato ni, tunda ni ne mai kekuna. Tun daga nan in ta zo hutu a shagona yake wuni, kowa ya shigo sai ya taɓa sai ya tambaya, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya in huta da maimaici.

Wai wannan abin tafireta ce?

'Yar uwarta ce amma ba ita ba ce. Tafireta tawada take bugawa a takarda don ido ya gani, shi wannan babu tawada ko ɗigo ɗaya a cikinsa, ƙananan allurai ne masu dakusasshen baki suke turo takardar daga ƙasa sai ta yi 'yan tudu-tudu a sama wanda yatsa zai shafa ya karanta. Wannan rubutun shi ake kira birel. Keken da ya fi yawa a hannun yaranmu shi ne Perkins, na ƙarfe ne, yana da mariƙi a sama kamar akwati, nauyinsa kilo 5 saura kaɗan, ka ce olonka biyu na masara ka ɗauka, wato gwangwanin awon nan namu na Gana.

Maɓalli 9 kawai nake gani, ta yaya za su rubuta duk haruffa?

To nan ne daɗin abin yake, kuma in ka gane wannan ka gane rabin keken. Kowane harafi a birel yana zaune ne a cikin wani ɗan gida mai ɗigo 6, uku a hagu uku a dama a tsaye. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama kuma 4, 5, 6. Harafi ba komai ba ne illa waɗanne ɗigo ne suka taso waɗanne suka kwanta, in ka yi lissafi za ka samu haɗi 63 daban-daban, sun ishi haruffa da alamomi.

Shi ya sa maɓallan rubutu 6 ne kacal, kowane ɗigo da nasa. Hannun hagu manuniya ta hau 1, ɗan tsakiya 2, na kusa da ƙarami 3, hannun dama ma haka 4, 5, 6. Sai ka danna waɗanda kake so gaba ɗaya a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba, kan keken ya buga harafin ya matsa gaba da kansa. Misali a ɗigo 1 ne kaɗai, b kuma 1 da 2, k 1 da 3, l kuwa 1, 2, 3. Kenan kalmar baba da kaka da hannun hagu kaɗai ake rubuta su, dama tana hutawa. Lambobi ba su da nasu haruffan, ana sa alamar lamba a gaba wato ɗigo 3, 4, 5, 6, sai a ya zama 1, b ya zama 2, har zuwa j da yake zama sifiri.

Sauran ukun: babban da ke tsakiya na barin fili ne tsakanin kalma da kalma da babban yatsa ake danna shi, na can gefen dama na komawa baya ne, na gefen hagu kuma na sauka sabon layi. Akwai 'yar ƙararrawa a ciki da take kaɗawa in an kusa ƙarshen layi, layin kuma yana iya ɗaukar gida 42 in takardar mai faɗi ce.

Wa ya ƙirƙiro shi?

Rubutun daban keken daban, kar a haɗa. Rubutun na wani Bafaranshe ne Louis Braille, an haife shi 1809, babansa baduku ne mai ɗinkin sirdi da linzami, yana ɗan shekara 3 ya ɗauki basillar baban yana wasa ta soke shi a ido, ciwon ya harbi ɗayan, ya makance gaba ɗaya. A makarantar makafi ta Paris ya ci karo da wani tsarin ɗigo 12 na wani tsohon soja Charles Barbier, ya ga ya yi wa kan yatsa girma, ya rage shi zuwa 6 yana ɗan shekara 15, aka buga tsarin a 1829. Ranar haihuwarsa 4 ga Janairu ita ake bikin ranar birel ta duniya. Ni dai abin da ke ba ni mamaki, basilla ce ta makantar da shi kuma da ɗan uwan basilla ya koma yana huda takarda.

Keke kuma sai daga baya. Frank Hall, shugaban wata makarantar makafi a jihar Illinois ta Amurka, ya fito da nasa a 1892, a Jamus ma Oskar Picht ya yi nasa 'yan shekaru bayan haka. Perkins da muke gani yanzu wani malamin aikin katako ne David Abraham ya tsara shi a makarantar makafi ta Perkins kusa da Boston, yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, sai 1951 aka fara fitar da shi. Wallahi a matsayina na mai gyara na jinjina wa mutumin nan, ƙira ce ta fi shekara 70 amma har yau kusan yadda ya bar ta haka take. A 2008 sun fito da wani mara nauyi mai roba a jiki, daga baya kuma wani mai allon gilashi da murya, amma ni ka ba ni tsohon na ƙarfen nan. Akwai wasu kamfanonin ma, irin su Tatrapoint na Silobakiya da Erika na Jamus.

Ai akwai allo da tsinke mai arha, me ya sa sai keke?

Wannan Alhajin da ya tambaye ni yana da gaskiya rabi. Allo da tsinke, wato faranti biyu masu ramuka da ake matse takarda a tsakani ana hudawa da tsinken ƙarfe, yana shiga aljihu, ba ya lalacewa, kuɗinsa bai kai komai ba in an kwatanta, kuma duk makahon da ya yi karatu dole ya iya shi. Amma ka dubi wahalar: tunda daga baya ake hudawa, dole ka rubuta daga dama zuwa hagu kuma kowane harafi a juye, ɗigo ɗaya ɗaya, in kana so ka duba abin da ka rubuta sai ka buɗe allon ka cire takardar ka birkice ta ka karanta ka mayar ka nemo inda ka tsaya. Yaro ɗan shekara 6 da yake fama da a da b ka ce kuma ya riƙe su a juye, ai an haɗa masa kaya biyu.

A keke kuwa ɗigon sama yake tasowa a gabanka, kana bugawa kana ɗora yatsa kana karantawa nan take, daga hagu zuwa dama yadda za a karanta shi. A wurina wannan shi ne dukkan darajar keken, mai rubutu yana ganin rubutunsa da yatsa yana cikin yi, kamar yadda kai mai ido kake ganin biro na tafiya. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne lissafi. Tara lambobi a jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ka sauka ka hau ka duba abin da ka riƙe a ka, da keke ana yi cikin sauƙi, da allo kuwa sai mai haƙuri. Ga kuma sauri, bugu ɗaya harafi ɗaya, maimakon huda har biyar don harafi guda.

Yaya ake sa takardar? Tamu kullum sai ta karkace

Yawancin kekunan da aka ce min sun lalace ba su lalace ba, takarda ce ba a iya sawa ba. Ka tura kan keken can ƙarshen hagu tukun. Ka juya murɗaɗɗun nan biyu na gefe zuwa gaba, nesa da kai, har su tsaya. Ka jawo hannuwan sakin takarda na sama zuwa wajenka, ka zura takardar ta ƙarƙashin kan bugun tana manne da gefen hagu har ta tokare, ka mayar da hannuwan su kama ta, sannan ka murɗo ta ciki zuwa wajenka har ta tsaya da kanta. Daga nan danna maɓallin sabon layi sau ɗaya don ta zauna daidai. In ta ƙi shiga kar ka yi mata ƙarfi, fito da ita ka sake. Kuma in za a cire, a fara murɗo ta waje duka sannan a saki hannuwan, ba a fizga kamar ana cire zare a bobin ba.

Takardar fotokwafi za ta yi?

Za ta shiga, za ta bugu, amma ɗigon ba ya daɗewa, a shafa sau biyu uku ya kwanta, wani lokacin ma ya huje. Takardar birel kauri gare ta kamar kati, babbarta inci 11 ne da 11 da rabi. In babu, katin manila da ake sayarwa a shagunan littattafai na Adum a yanka shi daidai yana yi, tsohuwar kalanda mai kauri ma yarinyarmu tana atisaye da ita tunda hoton da ke jiki bai dame ta ba. A tabbata dai babu ƙusar sitefula a jiki kuma gefen bai yage ba. Sannan kar a ɗora kaya masu nauyi a kan rubutun, a tsaye ake jera shi, na taɓa ganin aikin wata guda ya shafe don an sa shi ƙarƙashin katifa wai ana adanawa.

In an yi kuskure fa?

Akwai ɗan itace mai tsini da ake danne ɗigon da shi ya koma ya kwanta, wasu farce suke sawa. In kalma ce gaba ɗaya, sai a koma baya a danna duk shidan a kanta ta cika, mai karatu ya san an soke ta.

Yana rubuta Hausa? Larabci fa, za a iya karatun Alƙur'ani da shi?

Keken bai san yare ba, ɗigo kawai ya sani. Turanci, Hausa, Tuwi, Dagbani, Larabci duk da maɓallan nan shida ake yi, abin da ya bambanta shi ne wane haɗi aka ba wane harafi. Haruffanmu masu lanƙwasa ɓ, ɗ, ƙ suna da nasu gidajen a birel ɗin Hausa, kamar yadda ɛ da ɔ na Tuwi suke da nasu. Larabci ma yana da birel ɗinsa cikakke har da wasulla, fataha da kisira da rufu'a kowanne da gidansa bayan harafin, kuma abin da ke ɗaure wa malamanmu kai shi ne daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Akwai Alƙur'ani bugun birel, sai dai ba littafi ɗaya ba ne, mujalladai ne manya-manya don birel yana cin wuri.

Mun saba a zango makaho da ka yake haddacewa, kuma Allah ya ba su kaifin hadda, ba mai musu. Amma Malam ka duba, almajiri mai ido in ya manta aya allonsa yake dubawa, shi makaho sai ya jira wani ya zo ya tuna masa. In ya iya birel shi ma ya samu allo.

Yana cin wuta ko batir?

Ko kaɗan. Ƙarfin yatsa ne da sifirin. A yi dumso, wato ɗauke wuta, kwana uku shi ko a jikinsa, kuma mai shi ba ya buƙatar fitila. Akwai mai amfani da lantarki don masu raunin yatsu amma wannan daban ne.

Nawa ne kuma a ina ake samu?

Ba zan ɓoye muku ba, da tsada. Sabon Perkins ya haura dala 700 tun a can inda ake yin sa, ka juya shi zuwa sidi ka ƙara kuɗin kawowa ka ga inda aka tsaya, kuma ba kaya ba ne da za ka shiga kasuwar Kejetia ka ce a ba ka. Hanyoyin da mutane ke bi: na farko makarantar da yaron yake, don su suna da kekunan da ɗalibai ke amfani da su, na biyu ƙungiyar makafi ta ƙasa Ghana Blind Union da hedikwatarta ke Ankara, wato Accra, kuma tana da rassa a yankuna, su suka san inda kayan makafi ke fitowa. Na uku akwai kason da gwamnati ta ware wa naƙasassu a cikin kuɗin Common Fund da take raba wa kowace asambili, wato ƙaramar hukuma, mu nan Aboabo da Asawase Asokore Mampong ce tamu, ana rubuta takardar nema ta ofishin walwalar jama'a, a je da haƙuri da kuma takalmi mai ƙwari. Na huɗu 'yan uwa da ke Amurka ko Ingila ko Jamus, can ana samun na hannu da sauƙi, namu ma ta haka ya zo. In za a aiko a ce su naɗe shi sosai, namu da murɗi ɗaya a fashe ya iso.

In na hannu za ka saya, sa takarda ka danna duk shidan ka cika layi guda daga farko har ƙarshe, ka shafa ka ji ko duk ɗigon tsayinsu ɗaya, ka ji ko kan yana tafiya ba ya tsallake, ka gwada komawa baya, ka ji ƙararrawa. Mafi kyau ka tafi da makahon da ya iya, yatsarsa ta fi idonka.

Yanzu da waya take magana, ba a daina yayin wannan ba?

Wannan tambayar tana ɗan ɓata min rai gaskiya. E, waya tana karanta wa makaho saƙo, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, kwamfuta ma akwai NVDA da JAWS, yarinyarmu ta fi ni iya WhatsApp nesa ba kusa ba. Amma ji daban karatu daban. Ɗanka mai ido za ka yarda a ce ba sai ya koyi riƙe biro ba tunda akwai rediyo? Wanda kunne kawai ya dogara da shi ba ya sanin yadda ake harhaɗa kalma, ba ya sanin inda waƙafi yake, ranar da aka ce ya rubuta takardar neman aiki sai asiri ya tonu. Kuma abin dariyar, wayoyin nan ma suna da wurin rubuta birel a kan gilashi da yatsu shida, jerin keken nan suka kwaikwaya, kenan wanda ya iya keke ya riga ya iya wancan.

Yaya ake kula da shi? Zan iya zuba masa mai?

Dan Allah a'a, kuma da bakin wanda ya yi nake faɗa. Karon farko da aka kawo min shi na ɗauka keken ɗinki ne, na buɗe ƙasa na yi masa wanka da mai ina jin ni gwani, sati biyu ya yi laushi kamar me, hunturu na shigowa ƙura ta bi man nan ta zama kamar ƙullun kuka, maɓallai suka riƙa sauka ba sa dawowa. Kwana biyu na yi ina wankewa. Cikinsa ƙananan ƙarafuna ne ɗaruruwa da sifirin sirara, mai kaɗan yake so irin na agogo a wurare ƙididdigaggu, man inji da man gyaɗa da man ja duk kashe shi suke.

Abin da mai shi zai yi sauƙi ne: a rufe shi da murfinsa ko zane duk lokacin da ba a aiki, kar a ci gari ko biskit a kansa, kar a bar takarda a ciki ta kwana da kwanaki, kar yara su cusa masa kwabo da tsinken tsire, kar a ɗauke shi ta murɗi sai ta mariƙi. Mutanen Ankara musamman na kusa da teku, iskar gishiri tana sa tsatsa, ku nema masa wuri busasshe. A tirotiro, wato motar haya, a cinya ake riƙe shi, kar a ba mate yaron mota ya jefa a but. In ya cije da gaske a tambayi makarantar makafi ko ƙungiya wa ke musu gyara, akwai waɗanda aka koya wa aikin musamman.

Ƙararsa ta dame mu a gidan haya

Haka yake, ƙwas ƙwas kamar ana fasa gyaɗa. A ninka tawul ko bargo a sa a ƙarƙashi, yana ragewa sosai. Saura kuma Hajiya a yi haƙuri, ai ana jure injin niƙa.

A ina yaro zai koya a nan Gana?

Manyan makarantun makafi biyu ne aka fi sani: ta Akropong a tudun Akuapem wadda aka buɗe 1945, da ta Methodist a Wa ta 1958. In ya gama akwai sakandaren da suke karɓar makafi su zauna aji ɗaya da masu ido, irin su Okuapemman a Akropong da Wenchi Methodist, daga nan har jami'a, Legon da Cape Coast da Winneba duk makafi suna karatu. Dokar naƙasassu ta 2006, Act 715, ta ɗora wa iyaye su kai yaro mai naƙasa makaranta.

Na san abin da ke cikin zuciyar wasu, sunan mishan da ke jikin makarantun da kuma nisa, yaro makaho a kai shi kwana wani gari. Mu ma an yi wannan rigimar a gida, kakarta har kuka ta yi. Amma ku je ku gani da idonku ku tambayi iyayen Musulmi da 'ya'yansu ke can kafin ku yanke. Don in ba a kai shi ba mun san inda ake ƙarewa, bakin masallaci ranar Juma'a da ƙoƙo, sannan a ciro wani yaron mai ido daga sukuu ya zama ɗan jagora, an yi asarar biyu kenan.

Jarrabawa fa, wa zai duba rubutun da ba ya iya karantawa?

Ana kawo musu tambayoyin BECE da WASSCE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba, a birel, su amsa da keke, sai waɗanda suka iya birel su juya amsar zuwa rubutun biro don masu maki, kuma ana ƙara musu lokaci. Shi ya sa yake da kyau yaro ya saba da keke tun da wuri, ba ranar jarrabawa za a fara neman ina maɓallin 4 yake ba.

Babanmu da girma ya makance, zai iya koya?

Zai iya. Bugawa ma ba ta da wuya, cikin 'yan kwanaki zai riƙe haruffan, karantawa da yatsa ce ke ɗaukar lokaci, balle in hannun ya yi kanta da aiki ko akwai ciwon suga da ke rage jin yatsu. Akwai keke mai manyan ɗigo don irin su, akwai kuma wanda aka yi wa mai hannu ɗaya. Ko bai kai ga karanta littafi ba, ya iya rubuta lambar waya da alamar kwalbar magani ya daina kiran jika kowane minti.

Ni mai ido zan iya koya don in taimaka wa ɗana?

Sosai ma, kuma kai ka huta don da ido za ka karanta ɗigon ba sai da yatsa ba. Ka fara da a zuwa j, su goma ne a ɗigon sama huɗu, ka ƙara ɗigo 3 a kansu su ba ka k zuwa t, ka ga an yi ashirin. Ni yarinyar ce ta koya min a shago tsakanin la'asar da magariba, in na yi kuskure ta shafa ta ce Kawu wannan ai e ka rubuta ba i ba, don su biyun juyin juna ne kuma har yau suna kama ni. Inda na tsaya shi ne birel mai gajarce-gajarce da suke yi a manyan aji, inda ɗigo kaɗan ke tsayawa a madadin kalma sukutum, wannan in ta rubuto min shi sai na jira ta dawo hutu ta karanta min.